Mai Rubuta Labarin Garinsu: Yadda Ake Tara Masu Karatu a Kuma Riƙe Su

Ɗan Katsina da ke zaune a Legas ko Abuja, in ya ji an ambaci Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa a rediyo, gabansa kan faɗi tun mai labarai bai ƙarasa magana ba. An yi shekaru sunayen nan ba sa fitowa sai tare da hari ko kuɗin fansa. Alhali a Ƙanƙara ake haƙar farar ƙasa da masana'antu ke nema, a ƙasar Faskari kasuwar shanu ta Sheme take, haka madatsar ruwa ta Mairuwa, Sabuwa kuwa tana cikin yankin da masararsa ke cika kasuwar Ɗandume. Akwai matasa a garuruwan nan masu son rubuta wannan ɓangaren da sunansu, ba tare da jiran wata jarida ta ɗauke su aiki ba. Da yawa sukan fara da zafi, sati biyu ko uku, daga nan sai shiru. Yawanci tsari suka rasa, baiwar tana nan.

Wanda ya daɗe a harkar yana da gona guda da yake nomawa. Mai rubuta siyasar Amurka yau, ƙwallon Ingila gobe, jibi wa'azi, yana gasa ne da dubban mutanen da suka fi shi kayan aiki. Amma wanda ya tsaya a kan farashin hatsi da taki a yankin Funtuwa, ko tarihin sarautar Sarkin Pauwa a Ƙanƙara da ta Sarkin Yamma a Faskari, ko halin da makarantun ƙauyuka suke ciki, ba shi da abokan gasa da yawa. Dillalin da ke kasuwar Dawanau zai neme shi, ɗalibin jami'a mai bincike ma haka, balle 'yan garin da ke ci-rani.

Sai maganar lokaci, kuma a nan ne akasari ake faɗuwa. Kasuwar ƙauye tana cika ne domin kowa ya san ranar da take ci. Da za ta ci Talata wannan mako, mako mai zuwa Asabar, wani makon ta ƙi ci, da ta watse. Marubucin da ya ce duk Juma'a zai fitar da rubutu ɗaya, ya kuma cika alkawari wata shida a jere, ya fi wanda ya zubo goma a rana guda sannan ya ɓace. Masu gogewa kan ajiye rubutu biyu ko uku a gefe, waɗanda ba sa tsufa, irin hira da tsohon maƙeri ko bayanin yadda ake adana masara, saboda makon da aka yi rasuwa, ko aikin gona ya yi yawa, ko wuta ta ƙi zuwa.

Marubutan littattafan Hausa na shekarun 1990 sun san sirrin jira. Hajiya Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda garinsu ke maƙwabtaka da Faskari, ta fitar da *Allura Cikin Ruwa* kashi-kashi, masu karatu na ɗokin fitowar na gaba, wani littafin nata kuma, *Ki Yarda Da Ni*, har fim aka mai da shi. Ita da tsararrakinta, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, ba su zauna jiran manyan kamfanonin ɗab'i ba. Marubutan zamanin da yawa su suka nemi kuɗin bugu, suka kai wa 'yan kasuwar littattafai a Kano, suka kuma sa adireshinsu a littafi don mai karatu ya aiko da wasiƙa. Kafin su, Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya riƙe editan *Gaskiya Ta Fi Kwabo* a Zariya tun fitowarta a 1939 har fiye da shekara goma, kuma wasiƙun masu karatu na cikin abin da ya sa mutane suka ɗauki jaridar tasu ce. Mai karatun da aka amsa wa tambaya, ko aka gode masa don ya yi gyara, da wuya ya bar marubuci.

Tantance labari a wannan yanki lamari ne na rai da mutuwa, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Gwamnatin jiha ta fara cewa 333 ne ba a gani ba, wasu rahotanni suka haura 500, ranar 17 ga wata kuma aka sanar da sakin 344. In manyan kafofi masu wakilai da motoci sun sha bamban haka, ina ga saurayi mai waya ɗaya da ya ji magana a bakin tasha? Ɗabi'ar da ke tsare shi ita ce kada ya rubuta abu sai ya ji daga bakin mutum biyu da ba su haɗa hanya ba, ya kuma raba abin da ya gani da ido da abin da aka gaya masa. Hoton gawa, sunan wanda ake tattauna fansarsa, hanyar da jami'an tsaro suka bi: waɗannan ba kayan jawo masu karatu ba ne, suna iya jawo wa wani gida bala'i. Ga kuma doka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya sha kai masu rubutu hannun 'yan sanda a Najeriya. Labarin tashin hankali yana tara jama'a da sauri, gaskiya ne, sai dai jama'a ce da ke watsewa da zarar wani ya kawo wanda ya fi shi firgitarwa.

A Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, kuma sai a Disamba aka fara maidowa. Wanda duk rubutunsa da lambobin masu karatunsa ke rataye a intanet ya ɗanɗana kuɗarsa a lokacin. Littafin rubutu mai araha, mai kwanan wata a kowane shafi, da kwafi a katin ajiya na waya, ba sa buƙatar sabis. Kuma ajiyar tana ƙara daraja da kanta: farashin buhun masara na mako ɗaya zance ne kawai, amma na shekara uku a jere ya zama abin da manomi zai duba kafin ya yanke shawarar sayarwa da kaka ko ya jira bazara.

Ƙa'idar rubutu ba ta buƙatar dogon bayani. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin madannin Hausa na Gboard, kyauta ne. A rubuta da dare, a sake karantawa da safe da babbar murya, a yanke duk jimlar da numfashi ya ƙare kafin ta ƙare.

Kuɗi ne tambayar da kowa ke ɓoyewa a ciki. A watannin farko babu su, kuma wanda ya shigo dominsu shi ke fara gajiya. Mata marubuta littattafai na yanzu sun samo wata hanya: su saki shafukan farko kyauta ta waya, mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwa ta banki, ko da yake masu yaɗa littafin ba izini suna cin rabin wahalarsu. Mai rubuta al'amuran gari kuwa, in sunansa ya zauna, mai shagon taki ko mai makarantar kuɗi zai zo da talla. A karɓa, amma a rubuta ƙarara cewa talla ce. Kuɗin ɗan siyasa shi ne mai wuyar sha'ani, musamman gab da zaɓe: a gari kamar Sabuwa, inda kowa ya san gidan kowa, kafin a yi kasuwa biyu an san wanda ya saya wa marubuci sabuwar waya, daga nan ko farashin gero ya rubuta sai an tambayi wani a tabbatar.