Yadda Za Ki Koya wa Ƙananan Kaji Hawa Tsanin Akurki

Bara da damina na ci bashi daga akwatin ƙungiyarmu, na sayi 'yan tsaki 12, irin na gidan gona waɗanda inji ke ƙyanƙyashewa. Na raine su a cikin kwali a ɗakina har suka yi gashi. Daga nan na sa aka yi mini akurki mai ƙafafu, a ɗage daga ƙasa, saboda ruwa yana kwanciya a tsakar gidanmu, ga kuma muzuru da gafiya. Kafinta ya jingina katako a bakin ƙofa don su riƙa hawa. Na ce to, shi ke nan, na huta.

Ashe da sauran aiki. Magariba ta yi, ko ɗaya bai hau ba. Suka taru a ƙarƙashin akurkin, suka dunƙule wuri ɗaya suna ta kuka. Daren farko na kwashe su da hannu na saka. Dare na biyu na dawo daga gidan suna a gajiye, na ce ai sun ga hanya. Da safe na ƙirga, saura 9. Gashi kawai na tarar a bayan rumbu. Ga ranar taro tana matsowa, kuma bashi ba ruwansa da muzuru, biya zan yi.

Me ya sa ba sa hawa?

'Yar'uwa, ba taurin kai ba ne. Ɗan tsakon da uwarsa ta ƙyanƙyashe yana bin ta duk inda ta sa ƙafa, a nan yake koyon wurin kwana. Wanda aka sayo a kwali ba shi da mai nuna masa. Ya saba kwana a ƙasa cikin 'yan'uwansa, don haka idan rana ta faɗi lungu yake nema, ba sama ba. Sannan kaza ba ta gani sosai a cikin duhu. Da magariba cikin akurki yakan riga waje yin duhu, sai ƙofar ta zame musu kamar bakin rami. Saboda haka na mako guda ke ce za ki zame musu uwa.

Fara duba tsanin

Maƙwabciyata, wadda ta daɗe tana kiwo, ita ta nuna mini laifin katakona. Ya miƙe da yawa, ga santsi. Ga abin da muka gyara:

Tsawo. Tsawon katakon ya ninka tsayin ƙofa daga ƙasa. Idan ƙofar ta kai kamu 1, katakon ya zama kamu 2. In katakonki gajere ne, ki ɗora ƙasansa a kan bulo ko dutse don ya ɗan kwanta.

Faɗi. Ya kai tafin hannu 2 aƙalla, yadda kaza za ta iya juyawa a kai ba ta faɗo ba.

Matakai. A buga ƙananan sanduna a gicciye, tsakanin kowace da 'yar'uwarta faɗin yatsu 4. A nan faratansu ke kamawa. A lanƙwasa bakin ƙusa kada ta yanke su.

Ƙarfi. A ɗaure shi ko a kafe shi da ƙusa. Tsanin da ya yi rawa sau ɗaya da kaza a kai, sai an sha fama kafin ta sake yarda da shi. Kada ki yi amfani da guntun kwano: yana da santsi, yana ɗaukar zafi.

Koyarwar kanta

Ki bari sai gashinsu ya cika, wajen mako 6. Kafin nan sanyin dare yana iya kama su.

Da farko ki rufe su a cikin akurkin kwana 3, da ruwa da abincinsu, don su san nan ne gida. Amma ki tabbata akurkin yana inuwa kuma iska tana shiga ta tagar da aka sa wa raga. Idan lokacin bazara ne, ki riƙa leƙa su da rana, ruwa kada ya ƙare.

Kafin ki sake su, ki toshe ƙarƙashin akurkin da raga ko zana. Muddin wurin a buɗe yake, can za su koma.

Ranar da kika buɗe, ki yi da la'asar sakaliya, lokacin da suke ɗan jin yunwa. Ki barbaɗa tsakin gero ko na masara a kan kowane mataki, mafi yawa a bakin ƙofa. Ki riƙa kiransu da kira iri ɗaya kullum. Cikinsu zai kai su sama ba tare da sun lura ba.

Da magariba ki sa tocila ko 'yar fitilar sola a ciki, za su bi haske. Idan sun shiga ki kashe. Kada ki sa fitilar kananzir ko kyandir, gobara ba ta sallama.

Waɗanda suka rage a ƙasa, ki ɗauke su a hankali da hannu biyu. Kada ki jefa su ciki. Ki ɗora kowace a kan tsanin kusa da ƙofa, ta ƙarasa da ƙafarta. Gobe ki ɗora ta a tsakiya, jibi a mataki na farko. Ki hana yara kora su da sanda, kazar da ta tsorata ba ta koyon komai.

Ni nawa, a dare na 4 guda biyu suka hau da kansu. Sauran suka bi su, don kaji da ganin juna suke aiki. Kafin mako ya zagayo, aikina ya koma in ƙirga in rufe ƙofa. Idan kina da babbar kaza mai haƙuri wadda ba ta saran ƙanana, ita ma takan ja su.

Idan sun iya, sannan suka daina

Wannan saƙo ne, ki duba ciki. Ko ƙwarƙwatar kaji ta cika, ko kashi ya taru yana wari, ko zafi ya yi yawa, ko sun girma wurin ya yi musu kaɗan, ko kuma ɓera ko maciji ya shiga. Ki share, ki zuba toka, ki toshe duk wata kafa.

Tara ɗin nan duk sun rayu. Na sayar da 5 na biya bashina a kan lokaci, 4 suna nan suna yi mini ƙwai. Ukun da na rasa kuwa, dare ɗaya na ganganci ne ya ci su.

A taronku na gaba, ku tambayi juna: wace ce kajinta ke kwana a ƙasa har yanzu? Wadda ta riga ta iya ta bi 'yar'uwarta gida da magariba, su duba tsanin tare.