Bar wa Kwamfuta Aikin Bakof: Tef da Rubutaccen Umarni

Yau maganar bakof za mu yi, wato kwafin ajiya, musamman ga masu kula da kwamfutocin makarantu, asibitoci, ƙungiyoyi da ofisoshi a nan Kaduna.

A Arewa House da ke titin Rabah, gidan Sardauna da ya zama cibiyar tarihi a 1970, akwai takardun da suka girmi iyayenmu, kuma har yau ana karanta su. To sakamakon jarrabawar ɗaliban makarantarku fa, da ke kan kwamfuta ɗaya tal? Faifanta ya ƙone da daren nan, shikenan.

Kowa zai ce maka ai yana yin bakof. Yaushe ka yi na ƙarshe? Sai ka ji shiru. Mutum yana mantuwa, yana tafiya, yana ciwo. Shi ya sa ƙwararru ke barin aikin a hannun kwamfuta.

Me ya sa tef? Wani zai ce, kaset a wannan zamanin? Eh mana. Tef ɗin LTO-9 da ya fito a 2021 yana ɗaukar terabait 18, kuma masu ƙera shi sun ce zai kai shekara 30 in an adana shi da kyau. Babbar fa'idarsa ita ce, in ka zare shi ka sa a akwati, ɓarayin intanet masu kulle fayil su nemi kuɗin fansa ba za su iya taɓa shi ba. Ko Google, da wata matsalar manhaja ta shafe wasiƙun wasu masu Gmail a 2011, daga tef ta dawo da su.

Ga yadda abin yake a Linux. Za ka rubuta ɗan fayil na umarni da Bash, ka jera matakai. Umarnin mt ya mayar da tef farko, ya duba ko yana ciki. In akwai rumbun bayanai irin MySQL, a fara fitar da kwafinsa da mysqldump, domin kwafar fayil ana tsakar rubutu a kansa kan ba da kwafi gurgu. Sannan tar ya tattara su /etc, /home da /var ya zuba a tef, ya tsallake /proc da /sys. A ƙarshe ya rubuta rahoto, in aiki ya faskara ya turo maka imel, in ya yi kyau ya fitar da tef. Shi kuma cron shi ne agogon da ke tada aikin kullum.

A nan ne namu ya bambanta da na Turai. Littattafansu za su ce ka sa ƙarfe biyun dare. A Unguwar Rimi ko Kawo, wa ya ba ka tabbacin wuta a lokacin? Zaɓi lokacin da janareto ko sola ke aiki, ka haɗa da UPS, ko ka yi amfani da anacron, wanda ke rama aikin da aka rasa da zarar kwamfuta ta tashi. Ƙurar hunturu da zafin bazara kuma maƙiyan tef ne, a rufe shi a wuri mai sanyi.

Abu mafi muhimmanci: gwada dawo da fayil. A 1998 wani umarnin gogewa ya shafe mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka. Da suka koma kan bakof, ashe ya daɗe da lalacewa ba su sani ba. Kwafin da wata ma'aikaciya mai jego ke da shi a gida ne ya cece su. Don haka duk wata ka ɗauko tef ɗaya, ka dawo da fayiloli, ka buɗe su da idonka.

Na'urar tef tana da tsada, gaskiya. In ƙaramin shago ne ko ƙungiyar matasa, wannan umarnin zai yi aiki da faifan waje. Ka riƙe ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a ma'adana iri biyu, ɗaya a wani gini daban, saboda gobara da sata.

Wanda ke son mu bi umarnin layi-layi, ya faɗa mana a ƙasa. Ku tura wa mai kula da kwamfutar ofishinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.