Wutar da ke Cikin Dutse

Da sunan Allah. Bayan haka, ya ku malamai da attajirai, ku sani Ubangiji Ya ɓoye wuta cikin wani ma'adini, yuraniyom. In aka tsaga ƙwayar zarrarsa sai zafi ya fita, ruwa ya tafasa, tururi ya juya inji, lantarki ya samu. Ɗan curinsa kamar kan yatsa yakan yi aikin kwal wajen tan guda, kuma babu hayaƙi.

Rasha ta fara ba gari wannan wuta a 1954, Ingila ta bi a 1956. Tun 1971 ake haƙar dutsen a Arlit, ƙasar Nijar, aka shekara da shekaru ana kai wa Faransa. Amma duk Afirka tasha ɗaya ke aiki, a Afirka ta Kudu. Masar ta soma gina tata a 2022.

Sai dai tokarsa dafi ce mai daɗewa, abin da ya auku a Chernobyl a 1986 ya isa wa'azi. Aikin yana son ilmi da amana. Mai dutse in bai sa 'ya'yansa karatunsa ba, zai sayar da shi ya sayi kananzir. Allah Ya fahimtar da mu, amin.