Littafin Kakaki Ba Na Zubarwa Ba Ne

Da Malam Garba Shehu, tsohon kakakin Shugaba Buhari, ya fitar da littafinsa, According to the President, a watan Yulin 2025, abin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne labarin ɓeraye. A watan Agustan 2017, bayan Shugaba Buhari ya dawo daga jinyar sama da kwana 100 a Landan, an ce mana zai riƙa aiki daga gida domin ɓeraye sun yi ɓarna a ofishinsa. Shekara takwas bayan haka, Garba Shehu, wanda ya faɗi maganar, ya rubuta cewa ya ɗauko ta ne don kawar da hankalin jama'a daga lafiyar shugaban.

Nan take mutane da yawa suka yanke hukunci: wanda ya rufe mu jiya, me zai sa mu karanta shi yau? Ai littafin kakaki wanke kai ne kawai.

Fushin nan yana da dalili, ba na raina shi. Lafiyar shugaban ƙasa ba sirrin gidansa ba ce. Amma da girmamawa, hukuncin ya zarce gona da iri. Wa ya tona batun ɓerayen da bakin wanda ya ƙulla shi? Littafin da ake cewa kada a karanta. Kafin nan zato muke yi da raha a dandalin shayi. Yanzu akwai shaida a rubuce, da suna, wadda ɗan jarida zai iya ɗagawa duk ranar da wani kakakin ya sake kawo mana uzuri mai kama da wannan.

Haka aka yi da Olusegun Adeniyi, kakakin marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua. Daga 23 ga Nuwamban 2009 da aka fita da shugaban zuwa Jidda har rasuwarsa a 5 ga Mayun 2010, ƙasa tana cikin duhu. Littafin Adeniyi na 2011, Power, Politics and Death, ya sha suka, wasu na ganin ya makara, wasu na ganin ya ci amana. Duk da haka, mai son rubuta tarihin waɗannan watanni ba zai iya tsallake shi ba, domin mutanen da suke cikin fadar a lokacin ƙalilan ne suka ɗauki alƙalami.

Ban ce a haɗiye komai ba. Alƙali ba ya korar mai shaida don yana da kusanci da wanda ake ƙara. Yana sauraronsa, ya auna da maganar wasu, ya lura da inda ya yi shiru. Littafin kakaki ma haka: inda ya yabi maigidansa a rage, inda ya faɗi abin da ya zubar masa da girma a riƙe da kyau. Babin ɓerayen na kashi na biyu ne.