Fiyus Ɗin Mota: Yadda Za Ka Duba Shi, Ka Canja Shi, da Dalilin da Ya Sa Ba a Ɗaure Shi da Waya

Idan ka leƙa akwatin fiyus na motocin hayar da ke jigila tsakanin Dutse da Kano, ko masu zuwa Birnin Kudu da Jahun, ba wuya ka tarar da fiyus ɗaya ko biyu an naɗe su da siririyar waya, ko da takardar nan mai ƙyalli ta kwalin sigari. In ka tambayi direba, zai ce maka yawan ƙonewa yake yi, shi ya sa ya ɗaure shi ya huta. To, ya huta da sayen fiyus kam. Amma abin da ya kawar shi ne ɗan abin da ke tsaye tsakanin wayoyin motarsa da gobara.

Duba fiyus da canja shi aiki ne na minti biyar, wanda kai ma za ka iya yi a bakin hanya. Sai dai kafin ka sa hannu, ya kamata ka san me yake yi a wurin.

Me fiyus yake karewa?

Mutane da yawa sun ɗauka rediyo ko fitila fiyus yake karewa. Babban aikinsa shi ne kare wayar da ke kai musu wuta.

Duk wayar da lantarki ke bi ta cikinta tana ɗumi. Wani masanin kimiyya ɗan Ingila, James Joule, ya gano ƙa'idar wannan ɗumi wajen shekarar 1840: idan wutar da ke gudu cikin waya ta ninka sau biyu, zafin da take haifarwa sau huɗu zai ninka. In ta ninka sau uku, zafin ya ninka sau tara. Yawan wutar da ke gudun nan da amfiya ake auna shi, kuma ita ce lambar da kake gani a bayan kowane fiyus: 10, 15, 20 da sauransu.

Batirin mota bolt 12 ne kacal, shi ya sa ko ka taɓa kawunansa da hannu ba ya jan ka. Kada wannan ya ruɗe ka. Batirin da ke iya juya inji yana iya fitar da ɗaruruwan amfiya a lokaci ɗaya. A mota kuwa, ƙarfen jikinta shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Don haka da zarar robar wata waya ta goge, tagullar ciki ta taɓa bodi, wuta ta samu gajeriyar hanya ke nan, ba fitila ba komai da zai rage mata gudu. Cikin daƙiƙoƙi wayar za ta yi ja, robarta ta narke, ta narka na maƙwabtanta da aka ɗaure su dami ɗaya. Ga soso da roba a ko'ina cikin mota, ga fetur a kusa.

Shi fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka ƙera da gangan ya fi wayar rauni, don ya riga ta narkewa ya yanke wutar. Irin mai ƙafa biyu da rigar roba mai launi, wanda ke cikin yawancin motocinmu, kamfanin Littelfuse na Amurka ne ya fito da shi a 1976. Fiyus mai inganci ba ya yankewa don wuta ta ɗan haura lambarsa kaɗan na ɗan lokaci, amma in ta ninka lambar sau biyu, cikin daƙiƙa biyar zai yanke. Ke nan in fiyus ya ƙone, aikinsa ya yi.

Ina yake, kuma wanne ne?

Yawancin motoci akwati biyu gare su. Ɗaya yana wajen inji, kusa da batir, baƙi mai murfi. Ɗayan yana cikin mota, galibi ƙarƙashin sitiyari ta gefen direba. A Corolla haka abin yake. A tsohuwar Golf ɗin nan da ake haya da ita, akwatin yana ƙarƙashin dashbod, saman ƙafar direba.

Da yake galibin motocinmu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai ko Amurka, da wuya ka samu littafinsu. Amma juya murfin akwatin ka duba cikinsa, akwai taswirar da ke nuna kowane fiyus da aikinsa da lambarsa. A motocin Toyota za ka ga an rubuta HORN don hon, WIPER don waifa, TAIL don fitilun baya, STOP don danjar birki, CIG don soket ɗin da kake cajin waya, EFI kuma don na'urar da ke sarrafa mai a inji. Wasu motocin Jamus lamba ko zane kawai suke sawa. Shawara: tun yau da rana tsaka, mota lafiya lau, ka ɗauki hoton taswirar da na akwatin da wayarka.

Launin rigar fiyus ma ba ado ba ne. A irin masu ƙafa biyun nan, ga yadda tsarin yake:

- amfiya 5: ruwan ƙasa mai haske
- amfiya 7.5: ruwan ƙasa mai duhu
- amfiya 10: ja
- amfiya 15: shuɗi
- amfiya 20: rawaya
- amfiya 25: fari ko garai-garai
- amfiya 30: kore

Duk da haka, lambar da taswira ta faɗa ita ce abin dogaro, ba wanda ka tarar a ramin ba. Mai motar na baya yana iya sa wanda bai dace ba. Girmansu ma ya bambanta: akwai madaidaici, akwai ƙarami, akwai ƙarami mai gajerun ƙafafu. In za ka saya, tafi da tsohon a hannunka.

Yadda za ka duba

Alamar farko ita ce abu ɗaya ko rukuni ɗaya ya mutu farat ɗaya, sauran kuma suna aiki. Hon ya yi shiru, ko waifa ta tsaya, ko fitilun baya da na dashbod sun ɗauke tare. In ƙwan fitila ɗaya ne ya mutu ɗan'uwansa na ci, fara zargin ƙwan. In komai ne ya mutu, fara duba kawunan batir.

Ka faka a wuri mai aminci, ka kashe mota da fitilu, ka zare makulli. Nemo fiyus ɗin a taswira. Zare shi tsaye da ɗan matsefin robar da akan ajiye cikin akwatin. In babu, yi amfani da filaya mai siririn baki a hankali, ban da ƙwaƙula da sukundireba. Ɗaga shi wajen haske. In siririn ƙarfen da ke haɗa ƙafafun biyu ya tsinke, ko ka ga baƙin tabo a ciki, ya ƙone. Ɗaya-ɗaya za ka riƙa cirewa kana mayarwa, don kada ramukan su rikice maka.

Ido yakan yi kuskure, domin wani tsinkewar kamar gashi take. Nan ne testa mai ƙwan fitila, irin ta masu wayarin, take da amfani, kuma ba ta da tsada. Maƙala kilif ɗinta a ƙarfen mota marar fenti, ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kawo, ka kunna abin da ya mutu. A bayan kowane fiyus akwai 'yan ƙananan ramuka biyu da ƙarfe ya leƙo. Taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Testa ta kama a duka biyun, fiyus lafiya. Ta kama a ɗaya kawai, ya ƙone. Ba ta kama ko'ina ba, wuta ce ba ta iso wurin ba, matsalar tana can baya. In kuwa mita gare ka, cire fiyus ɗin, ka sa ta a ma'aunin da ke ƙara, ka taɓa ƙafafun biyu. Ta yi ƙara, lafiya. Ta yi shiru, ya tafi.

Canjawa

Ka'idar ɗaya ce: lamba ɗaya, girma ɗaya. Danna sabon har ya zauna daram, sannan ka gwada.

A ce dare ya yi maka tsakanin Shuwarin da Kiyawa, fitilun baya sun ɗauke, ga tireloli na bin ka, ba ka da sifiya. Fara duba cikin akwatin, motoci da yawa suna zuwa da na ajiya. In babu, ari mai lamba iri ɗaya daga abin da za ka iya haƙura da shi, kamar rediyo ko soket ɗin caji. Mai ƙaramar lamba ma zai iya kai ka gari, iyakacinsa ya ƙone. Mai babbar lamba ne haɗari. Ban da taɓa na birkin ABS, da na jakar iskar nan mai alamar SRS, da na inji.

Lissafin ga shi. Wayar da aka tsara wa fiyus mai 15, ka sa mata mai 30. Yanzu ka ba ta izinin ɗaukar ninki biyu, wato zafi ninki huɗu, fiyus kuma bai ga laifi ba. In ka ɗaure da waya kuwa, ba ka ma san iyakar da ka sa ba. Sai wayar cikin dashbod ta zama ita ce fiyus, ta narke a inda ba ka gani, kuma hannunka ba ya kaiwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

In sabon ma ya ƙone

Fiyus yakan gaji don tsufa da jijjiga, ka canja shi ka manta. Amma in na biyu ya bi sahun na farko, tsaya. Kada ka sa na uku. Lura da lokacin da yake ƙonewa, don shi ne bayanin da mai wayarin yake buƙata.

In kana sawa yana ƙonewa nan take, waya ce ta taɓa bodi. In sai ka faɗa rami ko ka hau hanyar burji, waya ce ke gogar ƙarfe, sau da yawa a maƙogwaron robar da ke tsakanin ƙofa da bodi, ko a murfin but. Motar da ke dakon gero da riɗi ranar kasuwa, ko take kwana kusa da buhunan hatsi, a duba ta da kyau, ɓera na cin robar waya.

In sai an yi 'yan mintoci ana aiki yake yankewa, kaya ne suka yi yawa. Raba wat da bolt, ka samu amfiya. Ƙwan fitilar gaba na asali mai wat 55 yana jan kusan amfiya 4.6. Ka sauya shi da mai wat 100 don ka haske hanya, ya koma sama da 8. In layin guda ne ke ciyar da ƙwai biyu, an kusa 17 ke nan, fiyus mai 15 ba zai jure ba. Haka ƙarin hon, da manyan sifiku, da famfon hura taya da ake jonawa a soket ɗin caji. Duk abin da aka ƙara wa mota yana buƙatar wayarsa da fiyus ɗinsa kusa da batir. Ita ma fankar da ƙurar hunturu ko taɓo ya cushe tana jan wuta fiye da ƙima, domin da ƙyar take juyawa.

Yanayinmu ma yana da hannu. Ana gwada lambar fiyus ne a ɗumin ɗaki, wajen digiri 25. A Dutse kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura 40 a inuwa, balle kusa da inji. Fiyus ɗin da dama yana aiki dab da iyakarsa ya fi saurin yankewa a bazara. Da damina kuma ruwa ne. Motar da ta kutsa ambaliya irin wadda ta shafi Ringim da Jahun da Miga a 2022, tsatsa kan ci bakin ramukan fiyus ɗinta bayan makonni. In ka ga rigar fiyus ta narke alhali ƙarfen ciki bai tsinke ba, ramin ne ya saki ko ya yi tsatsa. Sabon fiyus ba zai magance wannan ba, sai an gyara ramin.

Akwai kuma manyan fiyus da ke kusa da batir, masu amfiya 80 ko 100 ko fiye, waɗanda galibi da noti aka ɗaure su. Abin da ya fi ƙona su shi ne juya kan batir lokacin jona wa mota wuta daga wata motar. Wannan aikin mai wayarin ne, kuma sai an cire kan batir na nagetif kafin a taɓa. In motarka mai haɗin fetur da lantarki ce, duk wayar da ka ga ruwan lemo ce, yi nesa da ita, wutarta tana kisa.

Ba kowane fiyus ne fiyus ba

Jabun fiyus ya fi ƙonannen fiyus haɗari, domin yana nan zaune kamar na ƙwarai amma ba ya yankewa a kan lokaci. Ba a nan kaɗai ake fama da shi ba. A 2007, kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye wasu fakitocin fiyus daga kasuwa saboda wannan matsala. Araha ba ta ado. Saya a shagon sifiya da ka yarda da shi, ka duba akwai sunan kamfani da lamba a fili. Na asali da aka ciro daga motar da aka farke sau da yawa ya fi sabo marar suna.

Abin da za ka ajiye a mota bai taka kara ya karya ba: fiyus bibbiyu na 10 da 15 da 20, ɗai-ɗai na sauran lambobin da ke akwatinka, matsefi, tocila, da testa. Sai tukunyar kashe gobara, wadda dama hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta wajabta. In kana tafe ka ji ƙaurin roba ko ka ga hayaƙi daga dashbod, tsaya, kashe mota, fitar da kowa, sannan in da hali ka cire kan batir.

In ka kai wa mai wayarin mota kuma, ka roƙe shi ya nuna maka wayar da ta jawo matsalar da inda ya gyara. Kafin ka biya, buɗe akwatin da kanka, ka gwada lambar da ke ramin da wadda ke taswira.