Tayar da Ƙwaƙwalwar Na'ura Lafiya a Garin da Wuta ke Rawa



Jawabina na yau ya shafi wata 'yar mitsitsiyar aba da injiniyoyi ke kira maikrokwantrola, watau ƙaramar kwamfuta da aka dunƙule a kan ɓallin silikon guda. Tun daga 1974, lokacin da kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar da TMS1000 kasuwa, irin wannan ƙwaƙwalwa ta shiga ko'ina. Tana cikin mitar wuta ta kati, tana cikin inbata, tana kuma cikin injin ƙyanƙyasar ƙwai irin wanda ɗalibanmu kan haɗa da allon Arduino.

Duk mazaunin Katsina ya san halin wutarmu, tun zamanin NEPA da aka kafa a 1972 har zuwa KEDCO da ya karɓi rarraba ta a 2013. Ɗaukewar wuta gaba ɗaya ba ita ce babbar barazana ga na'ura ba. Haɗarin yana cikin wutar da ta yi rauni, ko ta ɗauke ta dawo nan take, kamar yadda kan faru sa'ad da ake juyawa zuwa janareto. A wannan hali ƙwaƙwalwar ba ta mutu ba, ba ta kuma cikin hayyacinta: sai ta karanta umarni ba daidai ba, ta ɓata abin da ta adana. Alal misali, ƙwan kaza yana bukatar zafin digiri 37.5 har kwana 21. Idan ƙwaƙwalwar ta ruɗe ta bar hita a kunne dare guda, jarin mai kiwo ya tafi.

Maganin wannan shi ne da'irar mayarwa farko, wadda aikinta ta riƙe ƙwaƙwalwar a tsaye har wuta ta daidaita, sannan ta sake ta ta fara daga umarnin farko. Sharuɗɗanta huɗu ne.

Na farko, kada a bar ƙafar mayarwa tana lilo. A ATmega328P, wadda ke kan Arduino Uno, akan ɗaure ƙafar da layin bolt 5 ta hanyar rizisto mai kilo'om 10, a sa mata ƙaramin kondensa zuwa layin ƙasa don ya shanye hayaniyar wuta, a kuma haɗa dayod a gefen riziston don kondensan ya zubar da cajinsa da zarar wuta ta ɗauke.

Na biyu, a sani rizisto da kondensa jinkiri kawai suke bayarwa, ba sa auna ƙarfin wuta. Saboda haka wajibi ne a kunna ma'aunin raunin wuta da ke cikin ƙwaƙwalwar. ATmega328P tana da matakai uku: bolt 1.8, da 2.7, da 4.3. Mai aiki da bolt 5 a gudun megahaz 16 ya zaɓi 4.3. Ko kuwa a sa mai gadi na waje irin MAX809, wanda ke riƙe ta aƙalla milisakan 140 bayan wuta ta dawo.

Na uku, a kunna agogon tsaro, wanda shirin zai riƙa taɓawa a kai a kai. Idan shirin ya maƙale ya daina taɓa shi, agogon ya mayar da ƙwaƙwalwar farko da kansa.

Na huɗu shi aka fi mantawa. Yayin da ake riƙe da ƙwaƙwalwar, ƙafafunta a sake suke, ba sa ba da umarnin komai. Don haka a sa wa taranzistan da ke kunna hita rizisto mai janyo shi ƙasa, domin hita ta zauna a kashe har sai an ce ta kunnu.

Jama'a, waɗannan kayayyaki kuɗinsu bai kai na kiret ɗin ƙwai ba. Shawarata ga ɗalibi ita ce, kafin ya miƙa aikinsa, ya rage wutar a hankali, ya katse ta ya mayar sau da yawa, ya ga ko na'urar za ta farka daidai kowane karo.