Muryar Miga Ma Tana Da Gurbi a Manhajojin Gobe

Matashin da ke zaune a Miga, cikin masarautar Dutse, ba ya buƙatar kwamfuta ko digiri kafin ya sa hannu a aikin buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke da damar dubawa da gyarawa. Wayar Android da ɗan data sun wadatar.

Ƙofa mafi sauƙin shiga ita ce Common Voice, aikin da Mozilla, masu Firefox, suka ƙaddamar a 2017. Hausa ta shiga rumbunsa a 2021. Mutum zai karanta gajeriyar jimla ya naɗi muryarsa, ko ya saurari ta wani ya tantance ko an karanta daidai. Sai mutum biyu sun amince ake karɓar naɗi. Wanda ya iya rubuta manhaja kuwa, lambobin aikin na GitHub, yana iya kai rahoton matsala ko ya aika gyara.

Me ya sa abin ya shafi Miga? Manhajar da ke mayar da magana rubutu ta fi gane irin muryoyin da aka horar da ita da su. Idan samarin birni kaɗai suka yi naɗi, ranar da manomin shinkafa ko gyatumarsa suka yi wa waya magana, za ta riƙa kuskure. Alhali wanda bai iya rubutun boko ba shi ya fi buƙatarta.

Sai dai a kula: ana sakin muryoyin ƙarƙashin lasisin CC0, kowa na iya saukewa kyauta, har kamfanoni. Don haka kafin a miƙa wa Inna waya ta yi naɗi, a fara yi mata bayani, a nemi yardarta.